Yadda ake ba ɗalibai maki a babban ajin tarihi na sakandaren Amurka

A watan Mayun kowace shekara, ɗaliban sakandare sama da dubu 300, akasarinsu a Amurka, kan zauna jarrabawar tarihin duniya ta tsawon sa'o'i uku da minti 15. Da yawa daga cikinsu 'yan shekara 15 zuwa 16 ne, amma tambayoyin da ake ba su an tsara su ne daidai da na ɗalibin ajin farko a jami'a. Wanda ya taka rawar gani, wasu jami'o'i kan ɗauke masa kwas guda, ya huta da zaman ajinsa da kuma kuɗinsa. Wanda bai kai ba kuwa, ya shafe shekara yana ɗauke da kayan da suka fi na tsararrakinsa nauyi, ladar kuma ba ta zo ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan tsari shi ne, tun ranar farko ɗalibi ya san abin da zai kawo masa kowane maki. An wallafa ma'aunin a fili, kuma kusan duk abin da yake aunawa ya koma ga tambaya ɗaya: shin ɗalibi zai iya ɗaukar matsaya a kan abin da ya faru a baya, sannan ya kare ta da hujja?

Mene ne shirin AP?

Shirin Advanced Placement, wanda aka fi sani da AP, yana ƙarƙashin College Board ne, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1900, wadda kuma ke shirya jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a. Ƙungiyar ta karɓi ragamar shirin a 1955, da nufin bai wa ɗaliban sakandare masu ƙwazo damar fara karatun jami'a tun kafin su bar makaranta. A ɓangaren tarihi akwai kwas na tarihin Amurka, da na tarihin Turai, da na tarihin duniya, wanda aka fara jarrabawarsa a 2002.

Malaman makarantar ne ke koyar da darasin a ajinsu, amma ba su da ikon liƙa masa sunan AP haka kawai. Wajibi ne makaranta ta miƙa wa College Board tsarin koyarwar malamin, a tantance shi, kafin a yarda ta rubuta wannan suna a takardar sakamakon ɗalibanta. Manufar ita ce jami'a ta samu tabbacin cewa kwas ɗin da aka yi a wata makarantar karkara a jihar Kansas ya yi daidai da wanda aka yi a birnin New York.

Ƙarni takwas a shekara guda

Manhajar tarihin duniya ta yanzu ta fara ne daga wajajen shekarar 1200 Miladiyya zuwa yau, kuma an kasa ta kashi tara. Kashi biyun farko suna duba dauloli da hanyoyin fatauci daga 1200 zuwa 1450. Biyu na biye suna kan manyan dauloli irin su Usmaniyya da Mughal, da kuma haɗewar nahiyoyi ta teku daga 1450 zuwa 1750. Sai biyu a kan juyin juya-hali da bunƙasar masana'antu da mulkin mallaka daga 1750 zuwa 1900. Ukun ƙarshe sun ƙunshi yaƙe-yaƙen duniya, da yaƙin cacar-baka da samun 'yancin kai, da dunƙulewar duniya. Kasusuwa huɗun tsakiya sun fi nauyi a jarrabawa, domin kowanne na ɗaukar kashi 12 zuwa 15 cikin 100, yayin da sauran ke ɗaukar kashi 8 zuwa 10.

Sai da aka kai ruwa rana kafin a tsaya a kan shekarar 1200. A da, kwas ɗin yana farawa ne tun daga zamanin da ɗan Adam bai fara rubutu ba, malamai kuma suka riƙa kukan cewa kayan sun yi wa shekara guda yawa. A 2018 College Board ta sanar da cewa za ta yanke shi ya fara daga 1450. Malamai da ɗalibai da masana tarihi suka yi caa, suna cewa farawa daga nan zai sa yara su fara sanin Afirka da Asiya da nahiyar Amurka a daidai lokacin da jiragen ruwan Turawa suka iso musu, kamar dai ba su da wani tarihi kafin nan. Ƙungiyar ta ja da baya zuwa 1200, sabon tsarin kuma ya fara aiki a shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020.

Wannan sassauci ne ya bar daular Mali da Mansa Musa da fataucin hamadar Sahara a cikin manhajar. Haka kuma, a darasin kafuwar dauloli a Afirka, manhajar ta ambaci masarautun Hausa tare da Habasha da tsohuwar daular Zimbabwe a matsayin misalan da malami zai iya koyarwa da su. A can gaba, an ambaci Daular Sakkwato a cikin sababbin daulolin da suka kafu a ƙarni na 19. Ke nan yaro a jihar Texas na iya samun maki saboda abin da ya sani game da Kano da Katsina.

Abin da ake buƙata daga ɗalibi a aji

A makon farko, malami kan raba takardar ƙa'idojin kwas, kuma a makarantu da dama ana buƙatar ɗalibi da mahaifinsa ko mai kula da shi su sa hannu. Takardar kan bayyana littafin da za a karanta, wanda na matakin jami'a ne, da yawan karatun da za a yi a gida, da ranakun gwaji, da hukuncin wanda ya makara wajen miƙa jinga. Wasu malaman kan ba da jingar hutun bazara tun kafin a buɗe makaranta, domin lokacin da ke tsakanin watan Agusta ko Satumba da watan Mayu ba ya isa a bi kasusuwa tara a natse.

Ana sa ran ɗalibi ya shigo aji ya riga ya karanta babin ranar. Lokacin aji na tattaunawa ne da nazarin takardun tarihi da atisayen rubutu a cikin ƙayyadadden lokaci. Manhajar ta zayyana ƙwarewa shida da ake son ya fita da su: gane muhimman sauye-sauyen tarihi da bayyana su, tantance asalin takarda da halin da aka rubuta ta, zaƙulo iƙirari da hujja daga cikinta, ɗora lamari a kan yanayin zamaninsa, haɗa alaƙa tsakanin al'amura, da gina muhawara. Akwai kuma hanyoyin tunani uku da tambayoyi ke zagayawa a kansu: kwatanta abu biyu, da gano sababi da sakamako, da bambance abin da ya sauya da abin da ya ɗore.

Batun gaskiya a aiki ma yana da babban gurbi a takardar. Kwafar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba kan jawo sifili a wannan aiki, a wasu makarantun har da sanar da iyaye da hukumar makaranta. Tun bayan yaɗuwar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta muƙala, malamai da yawa sun ƙara dogara ga rubutun da ake yi a gabansu a cikin aji.

Maki iri biyu

Ɗalibin AP yana da sakamako biyu, kuma ɗaya ba ya shiga cikin ɗaya. Na farko shi ne makin aji, wanda malami ke bayarwa daga gwaje-gwaje da muƙaloli da jinga da gudummawar ɗalibi a tattaunawa. College Board ba ta da hannu a rabon wannan maki. Kowane malami ko makaranta ko gundumar ilimi ce ke yanke nauyin da kowane ɓangare zai ɗauka, kodayake galibi gwaji da rubutu ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Amurka, kashi 90 zuwa 100 shi ne A, 80 zuwa 89 B, 70 zuwa 79 C.

Wannan makin ne ke shiga takardar sakamakon makaranta, a kuma lissafa shi cikin matsakaicin makin ɗalibi da ake kira GPA. Saboda kwas ɗin ya fi na gama-gari wuya, makarantu da yawa kan yi masa ƙari: A a ajin gama-gari maki 4.0 ne, a ajin AP kuma ya zama 5.0. An yi haka ne don kada tsoron faɗuwar maki ya sa ɗalibi mai ƙwazo ya guje wa aji mai wuya.

Na biyu shi ne makin jarrabawar Mayu, daga 1 zuwa 5, wanda malamin aji ba ya taɓawa. Sakamakon kan fito a watan Yuli, bayan an riga an rufe makin aji. Don haka ɗalibi na iya samun A a aji ya samu 2 a jarrabawa, ko ya samu C a aji ya samu 4. Idan irin wannan tazara ta yawaita a aji guda, akan ɗauke ta a matsayin alamar cewa ko dai malamin na sakin maki da yawa, ko kuma yana matse shi fiye da kima.

Yadda jarrabawar take

A tsarin da aka yi amfani da shi a 2025, shekarar da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya ta manhajar Bluebook, akwai sassa huɗu. Na farko tambayoyi 55 ne na zaɓar amsa, irin waɗanda ɗalibai ke kira canki-canka, a cikin minti 55, kuma suna ɗauke da kashi 40 cikin 100. Sai dai tambayoyin kan zo ne rukuni-rukuni, kowane rukuni a ƙarƙashin wani nassi ko taswira ko hoto ko jadawali da sai ɗalibi ya karanta ya fassara. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba.

Sashe na biyu gajerun amsoshi ne guda uku a cikin minti 40, da kashi 20. Na uku muƙala ce da ake ginawa a kan takardun tarihi bakwai, a cikin sa'a guda da ta haɗa da minti 15 na karatu, da kashi 25. Na huɗu doguwar muƙala ce ba tare da takardu ba, inda ɗalibi ke zaɓar ɗaya daga tambayoyi uku ya amsa a cikin minti 40, da kashi 15. Idan aka tara, kashi 60 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga abin da ɗalibi ya rubuta da kalmominsa.

Maki bakwai na muƙalar takardu

Muƙalar takardu ce ke nuna ruhin tsarin sosai, kuma ana auna ta da maki bakwai. Misali zai fi fayyace ta. A ɗauka an tambayi ɗalibi ya auna yadda shugabannin Afirka suka tunkari mamayar Turawa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, aka kuma ba shi takardu bakwai, ciki har da wani rahoto da Frederick Lugard ya aika wa gwamnatinsa a Landan bayan cin Kano da Sakkwato a 1903.

Maki ɗaya na matsaya ne. Idan ɗalibi ya rubuta cewa shugabannin Afirka sun mayar da martani ta hanyoyi daban-daban, bai samu komai ba, domin maimaita tambayar kawai ya yi. Idan kuwa ya ce yawancinsu sun fara da neman sulhu da yarjejeniya, ba su ɗauki makami ba sai da suka ga ikonsu ne ake son ƙwacewa, to ya ɗauki matsayar da za a iya karewa ko a musanta, ya kuma nuna hanyar da muhawararsa za ta bi.

Maki ɗaya na shimfiɗar yanayi ne. A nan zai bayyana abin da ya kewaye lamarin, kamar ƙishirwar masana'antun Turai ga albarkatun ƙasa da kasuwanni, da taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Ambaton sunan taron kaɗai bai isa ba, sai ya nuna alaƙarsa da tambayar.

Maki uku na hujja ne. Yana samun ɗaya idan ya bayyana abin da takardu uku suka ƙunsa daidai, ya samu na biyu idan ya yi amfani da aƙalla huɗu wajen tallafa wa matsayarsa. Na uku kuwa sai ya kawo hujja daga kansa wadda ba ta cikin takardun, kamar nasarar da Sarki Menelik na Biyu na Habasha ya samu a kan Italiya a yaƙin Adwa na 1896, ko yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta a ƙasar Asante a 1900.

Maki ɗaya na tantance madogara ne, a kan aƙalla takardu biyu. Ɗalibi zai nuna yadda matsayin marubuci, ko manufarsa, ko waɗanda ya rubuta wa, ko halin da ake ciki, ya shafi abin da ya faɗa. A kan rahoton Lugard, zai iya cewa jami'i ne da ke bayyana wa magabatansa dalilin yaƙin da ya ƙaddamar, don haka yana da buƙatar nuna sarakunan da ya yaƙa a matsayin waɗanda suka ja faɗan. Cewa kawai marubucin yana da son zuciya ba ya kawo maki.

Maki na bakwai na zurfin fahimta ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi wuyar samu. Ɗalibi zai iya kai wa gare shi idan ya nuna cewa lamarin ya wuce zaɓi tsakanin yaƙi da miƙa wuya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, alal misali, ya bar Sakkwato ya yi hijira zuwa gabas tare da ɗimbin mabiya, har aka kashe shi a Burmi a 1903, alhali wasu manyan daular sun zauna suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabon iko. Muƙalar da ta iya riƙe waɗannan fuskoki tare, ta kuma bayyana dalilin kowace, ita ce ke cin wannan maki.

Doguwar muƙala tana da maki shida a kan kusan wannan ma'auni. A duka biyun, ana tara maki ne, ba a cirewa. Ƙa'idar masu dubawa ta ɗauki rubutun jarrabawa a matsayin daftarin farko, don haka kuskuren nahawu ba ya cutar da ɗalibi sai idan ya rufe ma'anar abin da yake nufi. Ƙaramin kuskuren tarihi ma ana iya kawar da kai daga gare shi, muddin hujjar da aka ɗora muhawara a kanta daidai ce.

Daga takarda zuwa sakamako

Kwamfuta ce ke duba sashen zaɓar amsa. Rubutun kuwa, a watan Yuni ake tara malaman sakandare da na jami'a su duba shi, wasu a zaure guda, wasu ta intanet. Kafin su fara, ana horar da su da samfurin amsoshin da aka riga aka amince da makinsu, ana kuma bibiyar aikinsu domin kada hannun wani ya fi na wani sauƙi. Mai dubawa bai san ɗalibin ba, bai kuma san makarantarsa ba.

Daga nan ake haɗa makin sassan huɗu bisa nauyin kowanne, a mayar da jimlar zuwa ma'aunin 1 zuwa 5. Maki 3 na nufin ɗalibi ya cancanta, 5 na nufin ya cancanta matuƙa, 1 kuma na nufin ba a ba da shawarar a ɗauke masa komai ba. Kowace jami'a ce ke yanke abin da za ta karɓa. Da yawa na karɓar 3, masu tsananin zaɓe kan nemi 4 ko 5, wasu kuma ba sa ɗauke kwas ko kaɗan. Kwalejin Dartmouth, alal misali, ta daina lissafa makin AP cikin abin da ake buƙata don kammala digiri tun daga ɗaliban da suka shiga a 2014.

Inda ake sukar tsarin

Suka ta farko ita ce gaggawa. Ƙarni takwas na tarihin nahiyoyi duka a cikin wata tara na tilasta wa malami ya yi ta tsallake-tsallake, ta yadda daular da ta shafe ɗaruruwan shekaru za ta iya ƙarewa a darasin rana guda. Wannan na cikin dalilan da wasu makarantu masu zaman kansu takwas a yankin birnin Washington suka bayar a 2018, lokacin da suka sanar da cewa za su daina kwasa-kwasan AP su tsara nasu.

Ta biyu ita ce, ma'aunin da aka bayyana a fili yana iya zama tarko. Ɗalibi kan koyi rubuta muƙala mai cika sharuɗɗa bakwai ɗaya bayan ɗaya, wadda za ta ci maki amma ba ta da rai. Masu kare tsarin na cewa duk da haka ya fi adalci a kan barin maki ga ra'ayin mai dubawa, musamman ga ɗalibin da ba shi da wanda zai koya masa salon rubutun jami'a a gida.

Ta uku ta shafi kuɗi da dama. Kuɗin jarrabawa ɗaya ya kusa dala 100 a cikin Amurka, kodayake ana rage wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma makarantun unguwannin masu hali sun fi na talakawa yawan ajujuwan AP da gogaggun malamai. Akwai kuma muhawara a kan inda ake yanke iyakar maki. A jarrabawar tarihin Amurka, waɗanda suka samu 3 ko sama sun tashi daga kimanin kashi 48 cikin 100 a 2023 zuwa kimanin kashi 72 a 2024, bayan College Board ta sake fasalin yadda take tsayar da iyakar. Ƙungiyar ta ce ta daidaita ma'aunin ne da irin makin da ake bayarwa a jami'o'i, masu suka kuma suka ce sassauci ne kawai.

Duk da waɗannan saɓani, ɓangarorin biyu ba su cika jayayya a kan ainihin abin da ake nema daga ɗalibin ba. Sanin shekaru da sunaye wajibi ne, domin babu muhawarar da za ta tsaya ba tare da su ba, amma su kaɗai ba sa kai shi ga maki 5. Wanda zai kai shi ne wanda, idan aka ajiye masa rahoton wani gwamna ko wasiƙar wani sarki, zai fara da tambayar wane ne ya rubuta, wa ya rubuta wa, me kuma yake so a gaskata, sannan ya faɗi nasa hukuncin tare da dalilinsa kafin sa'ar ta cika.